Daminar da Aka Toshe Mana Wuriya

Kwana uku ke nan ana marka a Kaura Namoda. Jiya na ratsa tsohuwar unguwarmu zan kai wa wata mata mai da ƙuli, na tarar ruwa ya kwanta a layin har gwiwa. Wata doguwar mota ta maƙale a bakin get, mai ita yana tsaye a kan dakali ya tattare babbar riga, yana waya yana zagin gwamnati, wai an ƙi yi musu magudanar ruwa. Na tsaya da bokitina a ka na ƙare masa kallo. Ba don kada a ce matar nan ta zautu ba, da na gaya masa unguwar nan tana da magudana tun kafin a haifi ubansa. Na san ranar da aka toshe ta, na kuma san hannun da ya toshe ta, don hannun mahaifina ne.

Yanzu Layin Manya ake ce wa wurin. Mu Gangare muka san shi. Gidaje bakwai ne a jere, sun taso daga bayan tashar jirgin ƙasa sun gangara har kududdufi, duk na ƙasa, soraye da azara. Mazauna wurin magina ne da leburorin tasha da 'yan dako, waɗanda iyayensu suka zo daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi lokacin da jirgi ke kwasar gyaɗa da auduga. Gidanmu ne na biyu daga ƙasa. Sama da mu gidan Baba Sanda ne, tsohon leburan jirgi, abokin Babana tun ba su san wando ba. Ƙasa da mu gidan Malam Audu, daga shi sai kududdufi.

Ruwan sama ba shi da wata hanya a Gangare sai ta cikin gidajen mutane. A gindin kowace katanga akwai wuriya, kafa ce wadda ɗan akuya zai iya bi ya wuce. Ruwan indararon gida na farko sai ya bi wuriya ya shiga na biyu, ya haɗu da nasu ya shiga na uku, haka har ya faɗa kududdufi. Duk wanda ke zaune a Gangare ruwan maƙwabcinsa yana ratsa tsakar gidansa, da ɓawon gyaɗa da kashin awaki da ludayin da aka manta a waje. In takalmi ya ɓace a gidan sama, a gidan ƙasa ake cigiyarsa. Ginin ƙasa kuwa in ruwa ya kwana a gindinsa ya gama yawo, kowa ya san haka. Wuriyar nan ita ke riƙe da mu duka.

Idan zafin bazara ya kai inda mutum ke jin kamar ya tuɓe fatarsa, gajimare ya fara taruwa ta gabas, sai a sa ranar gayya. Babana, Malam Garba magini, shi ke jan aikin. Maza su haƙo ƙasa a kududdufi, su kwaɓa ta da ciyawa da kashin jaki, a bar ta kwanaki ta ruɓa har warinta ya hana mutum cin tuwo a tsakar gida. Sannan a bi gida gida, a yaɓe katanga, a shafe soraye da makuba, a share wuriya a jera mata duwatsu. Daga gidan ƙasa ake farawa a hauro, ba a taɓa farawa daga sama ba. Mu mata namu ɗiban ruwa ne da dama fura da turara dambu, da gulmar wanda ya fi kowa ci ya fi kowa lalaci. Baba Sanda ne kullum ke cinye wannan gasar.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ba a rubuta ta ko'ina ba. Idan ana ruwa wuriya ta toshe, wanda ruwa ya taru a gidansa ba ya jiran izinin kowa. Zai ɗauki diga, ya yi sallama sau uku don mata su kauce, ya buɗe ta, ko da zai kai ga sare katangar maƙwabci. In ruwa ya ɗauke, mai katangar ne zai zo ya yi masa godiya, su gyara tare. Sau biyu na ga Baba Sanda ya sare tamu, kuma duka biyun sai da Inna ta aika masa da kunu mai zafi.

Da aka ba mu jihar Zamfara mun yi murna kamar kowa, har guɗa na yi. Ba a daɗe ba mutanen da muka sani suna tallar goro a tasha suka wayi gari 'yan kwangila. Masu shanu da hatsi na Moriki suka fara son gida a birni, kusa da titin Gusau, kuma Gangare tana bakin titi tana kusa da kasuwa. Jirgi ya daina zuwa sai jefi-jefi, samari sun watse neman abinci, tsofaffi suna mutuwa, magada suna son a raba. Da Malam Audu ya rasu, 'ya'yansa suka sayar wa wani ɗan kwangila, Alhaji Mu'azu, da gidan. Sai kuma muka ji wai an yanka kududdufi fuloti, shi ma nasa ne. Kududdufin da duk ƙasar gidajenmu daga cikinsa ta fito, wani ya zauna a ofis ya sa masa lamba.

Ni a lokacin ina gida. Mijina direba ya rasu a hanyar Shinkafi, na gama takaba na zauna ina suyar ƙuli a tsakar gidan Baba, don haka komai a kan idona aka yi. Rani guda tifa tana zuwa tana juye marmara, sai da aka cike kududdufi, aka rushe gidan Malam Audu aka cike shi shi ma, har daɓensu ya kai ƙirjin mutum in yana tsaye a gidanmu. Aka fara jera bulo a jikin katangarmu. Baba da Baba Sanda suka sa rigunan Juma'a, suka ɗauki goro, suka je yi wa baƙo maraba. Baba Sanda ne ya maimaita mana yadda aka yi.

"Alhaji, barka da zuwa cikinmu," in ji Baba. "Abu guda munka zo roƙo. Ruwan gidaje shidda ta katangag ga shika hita. A bam muna wuriya."

"Haba Malam Garba, wanga ai ƙaramin abu na. Bari injiniya shi zo, sai in hwaɗa mai."

Suka dawo suna yabonsa, wai mutumin kirki ne, har da kansa ya ba su lemo. Na ce, "Baba, ka gani da idonka an bari?"

"Ke Balki, mutum ya ce to, sai in ce mai shi rantse?"

A tsakanin nan ne aka ƙaddamar da Shari'a. Baba ya hau bayan babbar mota ya tafi Gusau, ya dawo murya a dishe don kabbara. Ya ce yanzu talaka ya samu gata. Liman kuma ya kama babin haƙƙin maƙwabci, mako mako yana karanta shi, Baba yana dawowa yana maimaita mana a kan tabarma. Shi ma Alhaji ya gina ɗan masallaci a ƙofar gidansa, da tayil da fanka da lasifika, rabin mazan unguwa suka koma can da salla.

Gayyar shekarar ba ta yi armashi ba. Babu kududdufin da za a haƙa, sai jakuna suka riƙa ɗauko ƙasa daga bayan gari, mai yashi, ana yaɓa ta tana zubowa. Aka fara daga ƙasa kamar kullum, wato daga gidanmu yanzu. Baba ya durƙusa a bakin wuriyarmu ya zura hannu har gwiwar hannu, yatsunsa suka taɓa siminti. Ya daɗe a durƙushe. Sau uku yana zuwa gidan Alhaji, sau uku mai gadi yana ce masa yana Gusau.

Ruwan farko bai yi yawa ba, muka kwashe shi da kwanoni da bokitai, muna ratsa zaure muna watsawa a titi. Haka muka yi ta yi har damina ta zauna. Lokacin ne kuma ciki ya fi damun kowa. Hatsin bara ya kusa ƙarewa, geron gona bai nuna ba, abin da ya rage mana 'yan dammuna ne a rumbu, rumbun kuma yana kusurwar ƙasa, daidai inda ruwa ke taruwa. Tuwo sau ɗaya a yini, da rana kwaɗon tafasa ko rama. Itace a jiƙe, hayaƙi ya sa idon Inna ya koma ja. Gyaɗa ta ƙi bushewa, ƙulin da na soya da safe kafin la'asar ya yi laushi, masu saye suna dawo mini da shi. Komai warin danshi yake, tabarma, zane, har Alƙur'anin Baba sai da shafukansa suka manne. Tsakanin yatsun ƙafarmu ya yi fari ya tsattsage. Gindin katanga ya yi baƙi har kwankwaso, in ka danna da yatsa sai ya lotsa kamar tuwo.

Wata Laraba ruwa ya sauko tun hantsi. Ba iska, ba tsawa, zuba kawai yake. Kafin azahar ruwan gidaje biyar yana shigo mana ta wuriyar Baba Sanda da ƙarfin da ya tafi da turmina. Ya wuce idon sawu, ya kai ƙauri, ya fara lasar gindin rumbu. Kwasa da bokiti ta zama wasan yara. Na ɗauko buhunan gyaɗa guda biyu da babu komai a ciki, na cika su da ƙasa, na nufi katangar sama.

"Ina za ki da su?" in ji Baba.

"In toshe wuriyar Baba Sanda. Kowa shi ji da ruwanai."

"Aje su. In kin toshe, gidan Sanda shika hwaɗuwa kahin magariba. Ban taɓa tare ma kowa ruwa ba, ba kuwa yau za ni hwarawa ba."

Na ajiye, ina kuka don haushi. Shi kuma ya shiga ɗaki ya ɗauko diga, ya kutsa cikin ruwa har katangar ƙasa, ya tsaya ya yi sallama. Sau uku ya yi ta, da ƙarfi, yana ba da tazara a tsakani, a gaban bulon da babu kowa a bayansa. Sannan ya fara sara. Baba Sanda ya ji ƙarar ya shigo da tasa digar. Tsofaffi biyu, ruwa yana dukansu, suna karɓa-karɓa, har bulo ya fashe suka tone marmarar da ke bayansa suka yi wa ruwa hanya. Ya bi ta gefen gidan Alhaji, ya shiga inda yake ajiye motoci, ya bar masa jan taɓo, ya fita titi. Muna kallo tsakar gidanmu ta tsotse. Inna ta hura wuta da ƙyar ta dama musu kunu.

Washegari Baba ya yi wanka, ya sa riga mai tsabta, ya zauna a zaure. Na tambaye shi wa yake jira. Ya ce Alhaji, ai zai zo su gyara tare, bai kamata ya tarar da shi da kayan aiki ba. Wallahi da gaske yake, godiya yake jira. Duk lokacin da na tuna rigar nan sai zuciyata ta tafasa.

Mai unguwa ne ya zo, da ɗan sanda a bayansa. Aka ce za a yi sulhu a falon Alhaji. Na zura hijabi na bi su, na tsaya daga bakin ƙofa. Alhaji bai ɗaga murya ba ko kaɗan, yana zaune yana jan carbi, ya bar mai unguwa da maganar.

"Garba, zamani ya sake," in ji mai unguwa. "Ka hwasa katangar mutum da diga, ba ya gida, dukiyatai tana ciki. In maganag ga ta kai gaban alƙali, ka san sunan da aka ba mai hwasa gida. Ka kuwa san abin da aka yi ma irinsu yanzu."

A shekarar nan babu hirar da ake yi a kasuwa da bakin rijiya sai ta yanke hannu. Na ga Baba ya sunkuyar da kai yana kallon tafukansa. Magini ne, ba shi da shanu, ba shi da shago, su ke nan gare shi.

Na ce, "Mi yas sata? Ruwa yab buɗe ma hanya. Mu tahi gaban alƙalin, ni na yarda."

"Wa ya kawo mace nan?" in ji mai unguwa.

"Balki, tahi gida," in ji Baba, bai ko ɗago ba.

Daga baya na tambayi wani malami da ya san littafi. Ya ce babu alƙalin da ya yi karatu da zai kira wannan sata, kuma hanyar ruwa da ta daɗe tana da haƙƙinta, wanda ya toshe shi ne da laifi. To ina waɗanda suka san haka suke a ranar? Suna nan, cikin unguwa, suna salla a ƙarƙashin fanka. Ni ban ga laifin Shari'a ba, ba a ma bari ta ji maganarmu ba. Waɗanda nake jin haushi su ne waɗanda suka ɗauki abin da tsoho ya yi wa kabbara har muryarsa ta dishe, suka mai da shi dodo suka tsorata shi da shi.

Sulhun da aka yi shi ne Baba ya mayar da katanga yadda take, da hannunsa. Bai taɓa aikin siminti ba, sai birkilan Alhaji ya tsaya a kansa yana gaya masa yawan yashin da zai zuba. Na so a ce ya yi ha'inci, ya bar 'yar kafa ko da ta ɓera ce. Bai iya ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana gini bai san yadda ake mugun aiki ba. Ya jera bulo, ya cike, ya shafe sumul, har birkilan ya yaba.

Marka ba ta ƙare ba. A ruwa na gaba gindin rumbu ya narke, rumbun ya zauna cikin ruwa da geronmu. Muka kwashe dammunan muka rataya a zaure, amma cikin kwana uku suka tsira, gidan ya ɗauki warin tsami. Inna ta busar da wani a kan wuta, kununsa ko da tsamiya ba ya shawuwa, muka sha haka nan. Na sake ɗauko buhunan nan, Baba ya sake hana ni. Na gaya masa maganganun da 'ya ba ta gaya wa uba, na ce mutuncin Sanda ya fi masa ran matarsa. Ya ɗauki bokiti ya ci gaba da kwasa. Wata safiya muna karyawa muka ji azara tana ƙara a soron Inna. Na ja ta waje da zane a hannu, soron ya rufta a kan gadonta na ƙarfe da tasoshin da ta zo da su tun ranar aurenta.

Alhaji ya aiko mai unguwa da buhun shinkafa da jaje. A ƙarshen jajen aka ce, tun da gidan ya zama haka, in Malam Garba yana so a raba shi da wahala, Alhaji yana neman wurin da zai ƙara ajiye motoci. Shinkafar mun ci, ba zan yi ƙarya ba, yunwa muke ji. Baba ya daure har kaka, ya yanke geronsa. Ɗakuna biyun da suka rage sun tsage daga sama har ƙasa, kuma ya fi kowa sanin ba za su ga wata damina ba. Ya yarda ya sayar, da sharaɗi ɗaya, a bar wa ruwan Sanda hanya. Alhaji ya ce to, ai ƙaramin abu ne.

Ranar da muke loda kaya a amalanke, tifa tana tsaye a ƙofar gida da marmara, direban yana jira mu fita. Baba Sanda ya fito ya tsaya a ƙofar zaurensa. Baba ya je ya miƙa masa hannu.

"Garba, ruwana hwa?"

"Ya yi man alkawali, Sanda."

Baba Sanda ya dubi tifar, ya dubi abokinsa. "Waccan kai sunka sa kal liƙe," in ji shi. "Wagga ni za su sa."

Bai faɗa da faɗa ba, har addu'a ya yi mana. Baba ya juya ya kama amalanken yana turawa, ga mai ita a tsaye.

Muka koma bayan gari, ta hanyar Shinkafi, Baba ya tayar mana da ɗakuna biyu. Damina ta gaba gidan Baba Sanda ya sha ruwan gidaje huɗu ba mafita, ya faɗi. Ya koma wurin 'yarsa a Birnin Tsaba, can ya rasu ba su sake haɗuwa ba. Sauran gidajen suka bi ɗaya bayan ɗaya, kowace damina da nata, kowane mai saye ya cike nasa ya ɗara na ƙasa tudu. Ba a kori kowa daga Gangare ba, za su gaya maka, kowa da kansa ya sayar.

Ranar da labarin rasuwar Baba Sanda ya zo, Baba yana zaune a ƙofar ɗaki yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ajiye ta ya ce, "Ni nik kashe gidan Sanda." Na ce ba kai ba ne, Baba, kai da ka bar ɗakin Inna ya faɗi don nasa ya tsaya. Ya ce ai da ya zauna bai sayar ba. Na yi ta gaya masa, shekara da shekaru, da lallashi da faɗa, na kawo masa malamin nan ma ya gaya masa. Gidan na haƙura da shi, geron ma na haƙura. Wannan ne ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe. Har ya koma ga Allah yana ganin shi ne mai laifi a Gangare.

Alhaji Mu'azu ya zo jana'izar Baba. A sahun gaba aka ba shi wuri.